Daga Hannu zuwa Hannu: Fagagen Yaƙin Ƙasar Michika

A farkon watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta ɗage wani takunkumi da ta daɗe da ɗora wa taurarin ɗan adam na GPS. Sojojin ƙasar ne suka harba taurarin don amfanin kansu, kuma da gangan suke gurɓata saƙon da ke isa ga farar hula, har na'ura kan kauce wa inda mutum yake tsaye da kusan mita 100. Da aka ɗage takunkumin, kuskuren ya sauko zuwa kimanin mita 10. Ran 3 ga watan, wani mutum mai suna Dave Ulmer ya zuba littattafai da kaset-kaset da gwangwanin wake da ɗan littafin sa hannu a cikin baƙin bokiti, ya ɓoye shi a bakin daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya wallafa lambobin wurin a intanet. Sharaɗin da ya gindaya shi ne duk wanda ya gano bokitin ya ɗauki abu, ya bar abu, ya rubuta sunansa. Daga nan wasan Geocaching ya samo asali, kuma a yau akwatunan da aka ɓoye a duniya sun haura miliyan 3.

A 2001 kamfanin Groundspeak na birnin Seattle, mai riƙe da shafin wasan, ya fito da wani ɗan ƙarfe da ya raɗa wa suna Travel Bug. Shafaffen ƙarfe ne da bai kai tsawon yatsa ba, da huda a gefe da 'yar sarƙa, an buga masa hoton ƙwaro da lamba wadda babu wani ƙarfe mai irinta. Mai shi yakan ɗaura shi a jikin 'yar tsana ko makulli, ya rubuta inda yake so ya je, ya jefa shi a akwati. Wanda ya tsince shi amana ya tsinta. Zai rubuta rana da wurin da ya ɗauka, ya kai shi akwati na gaba, ya rubuta inda ya ajiye. Kamar saƙon da ake danƙa wa direba ne a tashar Mubi, shi kuma ya miƙa wa wani a Gombi har ya isa Yola, sai dai a nan duk wanda saƙon ya bi ta hannunsa sai ya bar shaida a rubuce.

Siffar ƙarfen irin ta wanda soja ke ratayawa a wuya ce, wanda da shi ake gane gawa a fagen fama. Akwai kuwa masu sakin irin wannan ƙarfe da burin ya zaga tsofaffin fagagen yaƙi, wasu don tunawa da kakan da ya tafi bai dawo ba. Sai baƙi su riƙa ɗaukarsa zuwa gaɓar Normandi, inda sojojin ƙawance suka sauka ran 6 ga Yunin 1944, ko zuwa Ypres ta ƙasar Beljiyam, inda ƙofar Menin ke ɗauke da sunayen sojoji sama da 54,000 da ba a san kabarinsu ba, ana kuma busa musu ƙaho kullum da ƙarfe 8 na dare. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne an riga an yi aiki mai wuya kafin 'yan wasa su zo: an auna wurin, an rubuta ranar, an sassaƙa sunayen.

Ƙasar Michika ma tana da fagagen yaƙi, kuma ta ga abubuwan da suka yi tafiya daga hannu zuwa hannu tun babu tauraron ɗan adam. Garin na gindin duwatsun Mandara ta yamma, a arewacin Adamawa. Madagali na arewa da shi, Mubi na kudu, Kamaru na gabas, kogin Yedzaram kuma na ratsa kwarin da ke yammacinsa ya nufi Borno. Mafi yawan mutanen ƙasar Kamwe ne, waɗanda maƙwabta suka daɗe suna ce wa Higi, 'yan'uwansu na tsallaken iyaka kuma ake ce musu Kapsiki. Duk mai son wucewa tsakanin Borno da Binuwai ta wannan kwari yake bi, da ayari da runduna, shi ya sa ƙasar ba ta taɓa daɗewa ba ta ji ƙarar kofato ko ta bindiga ba.

Abu na farko da ya yi irin wannan tafiya tuta ce. A 1809 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba Modibbo Adama tutar jihadi a ƙasashen kudu, wato Fombina. Modibbo ya zauna a Gurin, ya koma Ribadu, daga baya ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847. Ta ƙarƙashin ikonsa ne arɗo-arɗon Fulani na arewa suka kafu a Mubi da Uba da Michika da Moda da Madagali, kowanne yana kai gaisuwa Yola, Yola kuma tana kaiwa Sakkwato. An san hannun da ya ba da tutar da hannun da ya karɓa, an san jerin lamiɓɓen da suka gaje ta, don malamai sun rubuta.

Sai dai ikon nan a fili ya tsaya. Doki ba ya hawa dutse. Kamwe suka riƙe tuddai irin na Futu da Garta da Sina da Kamale, suka sassaƙa gonaki hawa-hawa a jikin duwatsu suna tare ƙasa da jeren duwatsu, suka shuka dawa, suka kewaye gidaje da katanga da ƙaya, suka tsare mashiga da kwari da baka. Tsawon ƙarni guda ana zaman da ya haɗa ciniki da hari: yau a haɗu a kasuwa, gobe a kama mai noma a gindin dutse. Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa ta Uba da Mubi a watan Yunin 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Yola, inda Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki. Barth ya rubuta abin da ya hango daga kan hanya. Na kan dutse kuwa a baki suka ajiye nasu labarin, da waƙa da zancen tsofaffi.

Turawa sun raba ƙasar a takarda kafin su mamaye ta. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar birnin Yola a hannun Ingila, mafi yawan ƙasar Lamiɗo kuma ta faɗa rabon Jamus, har da Mubi da Michika da Madagali. Ran 2 ga Satumban 1901 sojojin Ingila suka ci Yola. Lamiɗo Zubairu ya fita, ya gwabza da Jamusawa a Garwa a ƙarshen shekarar, ya sake gwabzawa da su kusa da Marwa a Janairun 1902, aka kashe shi a 1903 yana gudun hijira. A 1902 ɗin ne Jamusawa suka kashe Arɗo Bakari na Madagali, ɗansa Hamman Yaji ya hau.

A nan abu na biyu ya shigo, kuma shi ne mafi nauyi a tarihin wannan yanki. Daga 1912 har zuwa 1927 Hamman Yaji ya sa ana rubuta masa littafin abubuwan da suka faru kullum, da Larabci. Tsarinsa gajere ne ƙwarai: rana kaza ga wata kaza, an aika wane da mayaƙa zuwa wuri kaza, an samo bayi kaza da shanu kaza, an kashe mutum kaza. A layi na gaba sai a ga cinikin doki, ko kyautar da aka kai wa Bature, ko rigimar cikin gida, duk da murya ɗaya, babu ɗaga sauti. Hare-haren da aka lissafa sun faɗa kan Sukur da ƙauyukan Kamwe da Kapsiki da Mafa da sauran mazauna dutse, kuma mutanen da littafin da kansa ya ce an kama sun haura 1,500, da yawansu mata da yara. Abin da ya bambanta zamaninsa da na kakanninsa shi ne bindigar zamani. Tudun da ya gagari doki shekara ɗari bai gagari harsashi ba.

Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya iso. A ƙarshen Agustan 1914 rundunar Najeriya ta tashi daga Yola ta afka wa Garwa, aka kore ta da asara mai yawa, har kwamandanta Laftanar Kanar Maclear ya mutu a wurin. Jamusawa suka rama da hari kan Gurin a Afrilun 1915, sai a watan Yunin shekarar Garwa ta faɗi. A arewa kuwa, a Mora, kimanin kilomita 100 daga Michika a ƙarshen wannan jerin duwatsu, Kyaftin Ernst von Raben na Jamus ya yi abin da mutanen dutse suka daɗe da sani. Ya bar barikinsa na fili ya hau dutsen Mora da 'yan sojojinsa, kusan dukkansu baƙaƙen fata. Kyaftin Fox na Ingila ya zo daga Maiduguri, Faransawa suka zo daga Cadi, aka kewaye dutsen. An kai hari an sake kaiwa, ana dawowa da gawawwaki. An ɗan tsagaita wuta a Kirsimetin 1914, aka koma. Janar Cunliffe da kansa ya zo a daminar 1915 da manyan bindigogi, bai ci dutsen ba. Na sama suka cinye dabbobin hawansu, cuta ta kama su saboda rashin abinci mai kyau, harsashi ya sami von Raben a ka, amma suka ƙi sauka.

Sai ran 18 ga Fabrairun 1916 suka miƙa wuya, bayan kusan wata 18, lokacin da sauran rundunar Jamus ta riga ta tsallaka zuwa yankin Sifaniya da ke bakin teku. Mora ce wuri na ƙarshe da tutar Jamus ta sauka a Kamaru. Von Raben ya nemi a bar sojojinsa su koma gidajensu, a kuma ba shi kuɗin da zai biya su albashinsu, aka amince. Sunansa na cikin littattafai, haka na Fox da Cunliffe. To, waɗanda suka hau dutsen da ƙafa fa? Rundunar Najeriya cike take da 'yan Arewa, da Hausa ma ake ba ta umarni, bayanta kuma ga dubban 'yan dako da aka tara daga garuruwa. Wasu sojojin an sassaƙa sunayensu a allunan tunawa na Zariya da Lokoja. 'Yan dako da yawa ko a takarda ba su shiga ba. A Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka, ba a tuna da su da suna ba, ko ma ba a tuna da su ko kaɗan ba, kuma adadin zai iya kaiwa 350,000. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya ba da haƙuri a majalisa. Haƙurin ya zo bayan shekara ɗari, lokacin da babu sauran wanda zai iya faɗin sunayen.

Yaƙin Turawa ya zame wa Hamman Yaji dama. Jamusawa sun fita, Faransawa sun shigo amma hankalinsu na wani wuri, Turawan Ingila ba su karɓi yankin ba sai 1920. Ya iya zama da kowannensu, yana aika kyauta, yana ci gaba da aika mayaƙa. Bayan 1920 hare-haren suka ja baya, ƙorafi ya yi ta taruwa a kansa, ga kuma tsoron da Turawa ke yi wa alaƙarsa da Mahadiyya. A Agustan 1927 aka kama shi aka fitar da shi daga ƙasarsa, ya rasu a Maiduguri a 1929. Littafin ya faɗa hannun Turawa. Kyaftin L. N. Reed ya juya shi zuwa Ingilishi, fassarar ta shiga fayil, fayil ya kwanta a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, asalin na Larabci kuma ya ɓace. Sai a 1995 James Vaughan, wanda ya yi bincike a cikin Margi, da Anthony Kirk-Greene, tsohon jami'in mulki a Adamawa, suka buga shi a maɗaba'ar Jami'ar Indiyana a Amurka. Daga Madagali zuwa Kaduna zuwa Amurka, ana iya bin sawunsa zango-zango.

Ina ganin littafin nan dukiya ce, duk da ɗacinsa, don da wuya a sami wani mai mulki a Afirka ta Yamma da ya bar lissafin kamun bayi da bakinsa, da rana da wata. Amma lissafin mahari ne. Ya san sunan bawansa da ya jagoranci hari, ya san yawan shanu, waɗanda aka kama kuwa lamba ce kawai. Masu bincike irin su Walter van Beek a ƙasar Kapsiki, da Nicholas David da Judy Sterner a Sukur, sun tarar tsofaffi na riƙe da ɗaya ɓangaren labarin, suna nuna kogon da aka ɓuya da hanyar da aka bi da kamammu. Abin da suka ji kaɗan ne daga abin da aka sani, don sun zo ne bayan yawancin shaidun sun kwanta dama. Faɗin wannan ba tuhumar wata ƙabila ko wani addini ba ne. Jikokin maharan da jikokin waɗanda aka kai wa harin sun yi auratayya, sun yi makaranta ɗaya, kuma a 2014 tare suka gudu daga harin Boko Haram.

Tsakanin nan da can, takarda ce ta yi ta sauya wa ƙasar uban gida. Yarjejeniyar Milner da Simon ta 1919 ta ja layin da ya raba Kamwe da Kapsiki, ɗan'uwa a hannun Ingila, ɗan'uwa a hannun Faransa. Yankin ya zauna a matsayin ƙasar amana, har aka yi ƙuri'ar raba gardama a Fabrairun 1961: mutum 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ran 1 ga Yunin shekarar aka shigo Najeriya da sunan Lardin Sardauna, hedikwata a Mubi. Daga nan sai Jihar Arewa maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, Adamawa a 1991. Mutane suka yi ta saukowa daga dutse zuwa bakin titi, Michika ta cika da shaguna da bankuna da makarantu, 'ya'yanta suka bazu a kasuwannin ƙasar nan, ta fitar da irin su Janar Buba Marwa da tsohon Gwamna Boni Haruna. A 1999 UNESCO ta sanya Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, wuri na farko da ya sami wannan matsayi a Najeriya.

A watan Mayun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa. A ƙarshen Fabrairun 2014 'yan Boko Haram suka shiga Michika da Shuwa da Kirchinga da dare, suka ƙona bankuna da shaguna da ofishin 'yan sanda, suka fita. Zuwan da suka yi da damina kuwa na zama ne. Gwoza ta faɗi a farkon Agusta, Madagali ta bi baya, sai Gulak, sai Michika ranar Lahadi 7 ga Satumba. Washegari aka yi artabu a wajen Bazza, inda aka harbi Laftanar Kanar Adeboye Obasanjo, ɗan tsohon shugaban ƙasa, ya ji rauni. Ran 29 ga Oktoba suka ci Mubi, gari na biyu mafi girma a jihar, suka sauya masa suna zuwa Madinatul Islam. A ranar ce suka mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya da ke Kwarhi, Vimtim ma, garin babban hafsan tsaro na lokacin Alex Badeh, ba ta tsira ba. A Disamba suka hau Sukur suka sa wa gidan Hidi, sarkin wurin, wuta.

Satumba lokaci ne da dawa ke tsaye a gona ba ta nuna ba. Haka aka bar ta. Mai mota ya cika ta da iyali ya nufi Uba da Mubi, da Mubi ta faɗi aka sake ɗaukar kaya zuwa Yola. Wanda ba shi da abin hawa ya yi abin da kakanninsa suka yi a zamanin Hamman Yaji, ya hau dutse, ya kwana a kogo, ya bi hanyar ƙafa ya tsallaka Kamaru wajen dangin da layin 1919 ya raba shi da su. Tsofaffi da marasa lafiya da yawa ba su iya tafiya ba. A Yola mutane suka cika sansanonin Damare da Malkohi, da harabar majami'ar Saint Theresa ƙarƙashin Bishop Stephen Mamza, da masallatai, amma mafi yawa a gidajen 'yan'uwa da na bayin Allah suka sauka, ɗaki ɗaya mutum goma. Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola tare da malaman addinan biyu suka yi ta rabon hatsi.

Mafarauta da 'yan banga tare da sojoji suka ƙwato Mubi a tsakiyar Nuwamba. Michika sai ran 29 ga Janairun 2015 rundunar soji ta sanar da ƙwato ta, bayan kusan wata biyar, Madagali kuma a watan Maris. Masu dawowa sun tarar da majami'u a ƙone, gidaje babu rufi, rumbuna wayam, gawawwaki a inda suka faɗi. An karya gadar Kudzum, don haka da rani mota ta bi cikin yashi, da damina kuwa a yi ta jiran ruwa ya janye. Ɓarnar da ta fi wuyar gyara ta zuci ce. Zargi ya shiga tsakanin maƙwabta kan wa ya zauna, wa ya nuna gidan wa, har a shekarun farko bayan dawowa kasuwar garin ta rabu biyu, Kiristoci na ci ran Asabar, Musulmi ran Lahadi. Harin bai ƙare nan take ba. An tayar da bam a masallaci a Mubi ran 21 ga Nuwamban 2017, mutum kusan 50 suka rasu suna sallar asuba. An sake shiga Michika a Maris na 2019. A farkon Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta ƙaramar hukumar, aka kashe shi ran 20 ga watan.

Wanda ya san wannan tarihi zai gane dalilin da ya sa ba zan ba kowa shawarar ya ɓoye akwati a ƙarƙashin dutse a ƙasar Michika ba. Ko a Ingila, a garin Wetherby a 2011, an rufe titi an kira masu kwance bam saboda akwatin 'yan wannan wasa. A Borno da Adamawa da Yobe kuwa ragowar abubuwan fashewa na nan a gonaki da gefen hanya, kuma hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da nakiyoyi da ƙungiyoyi irin su MAG sun shafe shekaru suna koya wa yara cewa in ka ga abin da ba ka sani ba, kada ka taɓa, ka koma ta inda ka fito, ka faɗa wa manya. Wannan darasi ya fi kowane wasa, bai kamata a rikita shi ba.

Abin ɗauka a wasan shi ne ɗabi'ar rubutawa: rana, wuri, sunan wanda ya gani. Wayar da ke aljihun ɗan sakandare a Bazza a yau tana iya nuna lambobin wuri daidai da na'urar da aka nemo bokitin Oregon da ita. Da ita za a iya tsayawa a bakin kogon da aka kwana a 2014, a ɗauki lambarsa, a ɗauki muryar matar da ta kwana a ciki da 'ya'yanta, da yardarta, da harshenta. Haka za a yi wa inda aka binne mutane cikin gaggawa, da hanyar da aka bi zuwa Kamaru, da gidan Musulmin da ya ɓoye Kirista da na Kiristan da ya ɓoye Musulmi, a kuma jera sunayen matattu na ɓangarorin biyu a littafi ɗaya. In ba a yi haka ba, abin da zai rage na 2014 shi ne sanarwar soja da faifan bidiyon maharan, wato a sake maimaita abin da ya faru da zamanin Hamman Yaji.

Masu iya wannan aiki suna nan kusa. Akwai sashen tarihi a Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi, akwai Jami'ar Modibbo Adama a Yola, akwai hukumar gidajen tarihi ta ƙasa mai kula da Sukur, ga kuma masarautar Michika da gwamnatin jiha ta ƙirƙiro a Disamban 2024, wadda ke da bakin da za ta tara dagatai da limamai da fastoci a zaure ɗaya. Ina roƙon su fara da abu biyu. A kawo littafin Hamman Yaji ɗakin karatu na kowace sakandare a Michika da Madagali, a juya shi zuwa Hausa da Kamwe da Margi, don jikokin waɗanda aka lissafa su karanta su cike sunayen da suka sani. Sannan a tura ɗalibai unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye su ɗauki shaidar waɗanda suka ga 2014 da idonsu, a fara da tsofaffi. Wanda yake da shekara 60 ranar da aka shiga Michika, yanzu ya haura 70.